Gubar Funfuna A Abincin Shanu Da Yadda Take Sauya Madara

A kowace shekara, da zarar kaka ta wuce, ciyawa ta soma bushewa a makiyaya, sai kasuwar dusa da ƙuli-ƙuli da angurya ta buɗe a garuruwan Nijeriya. Masu shanun tatsa na gefen birane, da makiyayan da suka zauna wuri guda, sukan koma ga waɗannan kayayyaki domin kada nono ya ƙafe kafin saukar damina. Abin da mai saye yakan duba shi ne farashi da nauyin buhu. Ba kasafai ake tambayar inda aka shanya kayan ba, ko tsawon lokacin da suka yi a sito, alhali kuwa a nan ne ake yanke hukuncin ko madarar da za a tatsa za ta shiga kasuwa ko za a zubar da ita.

Dalili kuwa shi ne, wasu nau'o'in funfuna da ke kama hatsi da gyada da angurya suna fitar da guba. Saniya takan ci, wani kaso na gubar ya ratsa jikinta ya fito a cikin madara, wani kuma ya raunana ta har yawan madarar da ingancinta su ragu. Tun da kamfanonin sarrafa madara suka kafa cibiyoyin tattara nono a jihohi irin su Oyo da Kaduna da Kano da yankin Abuja, wannan al'amari ya zama na ɗan kasuwa kamar yadda yake na likitan dabbobi.

Asalin Gubar

An gano mafi haɗarin waɗannan gubobi ne bayan wata asara da aka tafka a Ingila a shekarar 1960, inda 'ya'yan talotalo fiye da 100,000 suka mutu cikin 'yan watanni. Da aka bi diddigi, sai aka tarar duk sun ci abincin da aka haɗa da ƙulin gyada da aka shigo da shi daga Brazil. A cikin ƙulin aka samu wata funfuna mai suna Aspergillus flavus, kuma daga sunanta aka raɗa wa gubar suna afalatoksin. Manyan nau'o'inta huɗu ne, wato B1 da B2 da G1 da G2, kuma B1 ce ta fi yawa, ta kuma fi muni.

Wannan funfuna a cikin ƙasar gona take zaune, kuma tana son zafi. Takan kama masara da gyada tun suna gona, musamman idan ruwa ya ɗauke a ƙarshen damina shuka ta galabaita, ko kuma idan ƙwari sun huda ƙwaya. Bayan girbi sai ta ci gaba da yaɗuwa a duk inda aka tara amfanin gona da sauran danshi. Masarar da aka zuba a buhu alhali laimarta ta haura kashi 13 zuwa 14 cikin 100, ko gyadar da ta haura kashi 7 zuwa 8, tana cikin haɗari, balle a ce an jibge buhunan a kan daɓe ko an jingina su da bango mai ruma.

Abubuwa uku ne suke sa abincin dabbobi ya fi na mutane ɗaukar wannan guba. Na farko, idan aka matse gyada ko angurya, mafi yawan gubar a cikin ƙuli take zama, ba ta bin mai, don haka ƙulin yakan fi ƙwayar da aka matse shi daga gare ta ƙarfin guba. Na biyu, idan aka surfa masara, gubar ta fi taruwa a dusa. Na uku kuwa, ƙwayar da aka tsince aka ware saboda ta ruɓe ko ta yi baƙi ba a cika zubar da ita ba, akan sayar da ita da araha ga masu haɗa abincin dabbobi. Ta haka gubar da aka raba da tukunyar tuwo take sake dawowa gida ta ƙwaryar nono.

Har ila yau, ganin ido ba ya wadatarwa. Akan samu buhu mai kyaun gani, babu wari babu kore-kore, amma yana ɗauke da guba mai yawa, domin funfunar na iya mutuwa ta bar gubarta. Akan kuma samu wanda funfuna ta rufe, amma irin wadda ba ta fitar da guba ce.

Daga Komin Dusa Zuwa Ƙwaryar Tatsa

Saniya tana da wata kariya da kaza ba ta da ita. Tumbinta cike yake da ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, kuma waɗannan halittu suna karya ƙarfin gubobin funfuna da dama kafin su isa jini. Sai dai afalatoksin B1 ba ta cikin waɗanda tumbi yake iya gamawa da su. Wani kaso nata yakan wuce zuwa hanji, ya shiga jini, ya isa hanta. A can hanta take sauya mata siffa ta koma wata guba da ake kira afalatoksin M1, wadda ke fita ta fitsari da kuma ta hantsa.

Tafiyar ba ta ɗaukar lokaci. Cikin sa'o'i 12 zuwa 24 da cin gurɓataccen abinci ake fara ganin M1 a madara. Idan aka ci gaba da ba da abincin, yawanta yakan hau ya tsaya a wani mataki cikin 'yan kwanaki. Idan kuwa aka janye abincin, takan sauka da sauri, ta kusa ɓacewa cikin kwana uku zuwa huɗu. Wannan saurin fita shi ne babban abin da mai kiwo zai dogara da shi, domin yana nufin ba saniyar ce ta lalace ba, abincinta ne ke buƙatar canji.

Kason da ke tsallakawa daga abinci zuwa madara yakan kasance tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na abin da saniya ta ci, amma ga shanun da ke ba da madara mai yawa yana iya kaiwa kashi 6. Yakan kuma ƙaru a farkon tatsa bayan haihuwa. Wato saniyar da aka fi kashe wa kuɗi, wadda aka fi ba dusa da ƙuli, ita ce ta fi fitar da gubar. Shanun da ke yawon kiwo a daji ba tare da ƙarin abinci ba sun fi tsira, shi ya sa matsalar ta fi bayyana a garken gefen birni, da kuma lokacin rani.

Lissafin Da Ya Kamata A Sani

Ana auna waɗannan gubobi da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Maikirogiram ɗaya a cikin kilo ɗaya daidai yake da giram ɗaya a cikin tan 1,000. Ƙanƙantar ma'aunin ita ke nuna ƙarfin gubar.

A ɗauka, alal misali, saniya mai jinin shanun waje tana cin kilo 5 na haɗin dusa da ƙuli a rana, kuma kowane kilo na ɗauke da maikirogiram 100 na B1. Ta ci maikirogiram 500 ke nan. Idan kashi 2 cikin 100 ya tsallaka, maikirogiram 10 za su fito a madararta ta wannan rana. Idan lita 10 take bayarwa, kowace lita na ɗauke da maikirogiram ɗaya. Wannan ya ninka iyakar da Amurka ta yarda da ita sau biyu, ya kuma ninka ta Tarayyar Turai sau 20.

Sannan a ɗauka gona ɗaya ta kai lita 100 na irin wannan madara cibiyar tattarawa, aka juye ta a tankin da ke da lita 900 na madara mai tsabta. Tankin gaba ɗaya zai koma yana da maikirogiram 0.1 a kowace lita, wato ninki biyu na iyakar Turai. Mutum ɗaya ya sayi dusa mai araha, amma asarar ta hau kan duk waɗanda suka zuba madararsu a tankin.

Abin Da Ke Sauyawa A Cikin Madara

Madarar saniya kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Sauran ya ƙunshi maiƙo, wanda yakan kai kashi 3.5 zuwa 4 a shanun Turai ya kuma ɗara haka a shanun gida irin su Bunaji, sai furotin sama da kashi 3 kaɗan, sai sukarin madara wajen kashi 4.7, sai gishirai. Kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin wani nau'i ne da ake kira kasin, wanda shi ne ke daskarewa ya zama kindirmo ko cuku.

Sauyi na farko da gubar funfuna ke kawowa shi ne shigar baƙon abu, wato M1, kuma wannan sauyi ba ya nuna kansa. Madarar da ke ɗauke da ita ba ta canza launi, ba ta canza ɗanɗano, kuma sau da yawa maiƙonta da furotin ɗinta suna nan daidai. Ma'aunin da ake tsomawa don gane ko an tsarma madara da ruwa ba ya ganin ta, haka ma gwajin da ake yi don gane ko madara ta fara tsami.

Sauyi na biyu ta hanyar tumbi yake zuwa. Abincin da funfuna ta ci ya riga ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, ga shi kuma saniya ba ta son warinsa, sai ta rage ci. Bayan haka, wasu gubobin funfuna, musamman waɗanda ke tasowa a ciyawar da aka turara a rami iska ta shige ta, suna kashe ƙananan halittun tumbi. Waɗannan halittu su ne ke narkar da harawa da kara su samar da sinadarin da hantsa ke gina maiƙon madara da shi. Idan aikinsu ya yi rauni, madara takan ragu, man da ake samu idan an kaɗa nono shi ma yakan ragu.

Sauyi na uku ta hanyar garkuwar jiki yake zuwa. Afalatoksin tana wahalar da hanta, tana kuma rage ƙarfin jikin dabba wajen yaƙi da cuta. Saniyar da ta raunana ta fi saurin kamuwa da kumburin hantsa. Madarar da ta fito daga hantsa mai ciwo kuwa sukarinta da kasin ɗinta sukan ragu, gishirinta ya ƙaru, fararen ƙwayoyin jini su yi yawa a cikinta. Irin wannan madara ba ta daskarewa da kyau, ba ta yin auki wajen cuku, ba ta kuma daɗewa.

Akwai wasu gubobin ban da afalatoksin. Funfunar Fusarium, wadda ta fi son wurare masu laima da ɗan sanyi, tana fitar da diyoksinibalinol, wadda ke rage cin abinci, da fumonisin, wadda ta fi yawa a masara, da kuma ziyaralinon. Wannan ta ƙarshe tana kwaikwayon sinadarin haihuwa na mata, don haka takan rikita lokacin barbara ta jinkirta ɗaukar ciki, kuma saniyar da ba ta haihu ba babu zancen tatsa. Waɗannan gubobi kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu ke tsallakawa zuwa madara, ɓarnarsu a jikin saniyar take tsayawa. Sai okaratoksin, wadda tumbi mai lafiya yake karya ta, amma idan aka cika saniya da hatsi aka rage mata ciyawa, tumbin ya yi tsami, halittun da ke wannan aiki sukan ragu. Abin lura shi ne, buhu ɗaya yakan ƙunshi guba biyu ko uku a lokaci guda.

Tafasawa Ba Ta Magani

Mutane da yawa sun ɗauka idan an tafasa madara an gama da duk wata cuta. Wannan gaskiya ne game da ƙwayoyin tarin fuka da na bakkale, amma M1 tana jure zafi. Dumamawar da masana'antu ke yi ba ta kawar da ita, busar da madara ta koma gari ma ba ya kawar da ita, sai dai ya tattara ta wuri guda. Barin madara ta kwana ta zama nono yana iya rage ta kaɗan, amma ba ragin da za a dogara da shi ba.

Da yake M1 tana manne wa kasin, cuku yakan ninka madarar da aka yi shi da ita yawan guba sau uku zuwa biyar. Man shanu kuwa kaɗan yake ɗauka, domin gubar ta fi bin ɓangaren ruwa da furotin. Saboda haka mai yin wara ko cuku ya fi mai sayar da man shanu fuskantar haɗari daga madara iri ɗaya.

Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta sanya afalatoksin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, musamman na hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Binciken da aka buga a 2002 kan yara a Benin da Togo ya nuna alaƙa tsakanin yawan gubar a jini da tsumburewa. Yara su ne suka fi shan madara idan aka kwatanta da nauyin jikinsu, shi ya sa dokokin madara suka fi tsanani.

Ƙa'idojin Kasuwa

Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa M1 ba za ta wuce maikirogiram 0.05 a kilon madara ba, a madarar jarirai kuwa 0.025. Amurka ta tsaya a kan 0.5, wanda shi ne adadin da hukumar Codex ta ƙa'idojin abinci ta duniya ta amince da shi a 2001. A ɓangaren abincin dabbobi, Turai ta sa iyakar B1 a haɗaɗɗen abincin shanun tatsa a kan maikirogiram 5 a kilo, Amurka kuma ta sa 20 ga jimillar afalatoksin. Duk mai niyyar sayar wa babban kamfani madara, ko fitar da ƙuli da masara waje, da waɗannan alƙaluma za a auna kayansa.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna girman asarar. Bayan farin da aka yi a yankin Balkan a 2012, masara ta gurɓace, kuma a farkon 2013 aka janye madara daga kantuna a ƙasashe da dama na yankin. Gwamnatin Sabiya ta ɗaga iyakarta daga 0.05 zuwa 0.5 na wani lokaci, matakin da ya jawo cece-kuce ya kuma ƙara wa masu saye shakku. Masarar da aka kai Jamus daga can ta sa hukumomi sun dakatar da karɓar madara daga ɗaruruwan gonaki har sai da aka yi gwaji. A Habasha, binciken Cibiyar Nazarin Dabbobi ta Duniya ya gano M1 a madarar da ake sayarwa a Adis Ababa da kewayenta, aka kuma gano ƙulin wani iri mai ba da mai da ake kira nug shi ne babban tushen gubar. Da labarin ya bazu a ƙarshen 2015, jama'a suka ƙaurace wa madara, masu tsabta da marasa tsabta duk suka yi asara tare. A Kenya kuwa, a 2004, mutum 125 suka rasu sakamakon cin gurɓatacciyar masara kai tsaye.

Matakan Kariya

Kariya daga gona take farawa. Cibiyar Binciken Aikin Gona a Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan, wato IITA, tare da Ma'aikatar Gona ta Amurka, ta samar da Aflasafe, wanda hukumar NAFDAC ta yi wa rajista a 2014. Ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da nau'o'in funfunar gida waɗanda ba sa fitar da guba. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai su mamaye gonar su hana masu gubar wuri. Gwaje-gwaje a gonakin manoma sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Mai haɗa abincin dabbobi da ya ƙulla ciniki da manoman da ke amfani da shi ya rage rabin damuwarsa.

Bayan girbi sai shanya a kan tamfol ko daɓen siminti, a tabbatar kaya sun bushe kafin a ɗinke buhu. A sito, a ɗora buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, a toshe yoyon rufi, a kuma fara fitar da wanda ya fara shiga. Dusar da aka jiƙa kada ta kwana a komi. Ƙulin da ya dunƙule, ko ya yi ɗumi a tsakiyar buhu, ko yake warin ruma, bai dace da saniyar tatsa ba komai arahar sa.

Gwaji ya sauƙaƙa a yanzu. Akwai 'yan tsinkayen gwaji da ke ba da sakamako cikin mintuna, akwai kuma gwajin ɗakin bincike mai ba da adadi daidai. A hatsi da ƙuli, gubar ba ta bazuwa daidai, takan taru a 'yan ƙwayoyi, don haka sai an ɗebo samfur daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, an niƙa an gauraya. Madara kuwa gauraye take, shi ya sa gwada ta a bakin tanki, kafin a juye, ya fi sauƙi ya kuma fi aminci. Cibiyar da ke ajiye samfurin kowane mai kawowa tana iya gano inda matsala ta fito ba tare da ta hukunta kowa da kowa ba.

Akwai kuma wani irin yumɓu mai suna bentonait da ake zubawa kaɗan a abinci, wanda ke kama afalatoksin a cikin ciki ya fita da ita ta kashi. Tarayyar Turai ta amince da amfani da shi ga dabbobi masu tuƙa a 2013. Yana rage gubar da ke isa madara, amma ba ya mayar da ruɓaɓɓen abinci mai kyau, kuma ba ya kama gubobin Fusarium yadda yake kama afalatoksin.

Idan gwaji ya nuna guba a madarar wani garke, abin yi a fili yake. A janye abincin da ake zargi nan take, a koma ga ciyawa da harawa mai kyau, a ware madarar kwanakin kada a sayar kada kuma a ba yara, sannan a sake gwaji bayan kwana huɗu. Asarar madarar kwana huɗu ta fi sauƙi a kan asarar kwantiragin shekara.

Ga dillalan dusa da masu injinan matsar gyada, wannan ilmi hanyar ciniki ce. Wanda zai iya nuna takardar gwajin kayansa, ya faɗi ranar da aka matse ƙuli da inda aka ajiye shi, shi ne manyan gonakin shanu za su nema, kuma shi ne zai iya neman ƙarin farashi. Masu kiwo da ke buƙatar shawara kan haɗin abinci da adana shi suna iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, ko malaman dabbobi na jihohinsu, tun kafin a shiga sayen kayan rani.